Dangin Jini da Dangin Riƙo: Tarken Littafin The Deep Blue Between na Ayesha Harruna Attah

1.0 Gabatarwa

Duk littafin da aka rubuta a matsayin ci-gaban wani, da bashi a wuyansa yake zuwa. Marubuci ya bar zare a sake a littafi na farko, mai karatu kuwa yana jiran ya ga yadda za a ƙulla shi. Makaranta littattafan adabin kasuwar Kano sun san wannan sarai, domin da wuya a sami labarin soyayya ko na jarumta da ya ƙare a littafi na ɗaya. Sai dai yawancin irin waɗannan ci-gaba ƙarin tafiya ne kawai a kan hanyar da aka riga aka shata. Kaɗan ne suke komawa su tuhumi littafin da ya haife su. The Deep Blue Between, wato Zurfin Tekun da ke Tsakani, na marubuciyar ƙasar Gana Ayesha Harruna Attah, yana cikin waɗannan kaɗan ɗin.

An haifi marubuciyar a Accra, birnin da tsofaffin fatake ke kira Ankara, a shekarar 1983. Littafinta The Hundred Wells of Salaga, wato Rijiyoyi Ɗari na Salaga, ya fito a 2018 daga kamfanin Cassava Republic, shi kuma wanda ake tarke a nan ya fito a 2020 daga kamfanin Pushkin na Ingila, a jerin littattafan matasa. Da Ingilishi aka rubuta su duka. Dalilin kawo shi gaban ɗaliban Hausa shi ne, duniyar da labarin ya taso daga cikinta duniyar fataucin Gwanja ce, kuma tambayar da ya ɗauko ita ce tambayar da aka gina kowane zango a kanta: idan mutum ya rabu da danginsa na jini, wasu suka riƙe shi har ya zama mutum, ranar da jinin ya dawo wa yake bin sa bashin amana?

2.0 Inda Aka Kwana a Littafi na Farko

Salaga, a ƙasar Gwanja da ke arewacin Gana ta yau, ita ce babbar kasuwar da ayarin Hausawa ke nufa daga Kano da Katsina da Sakkwato, su kai kanwa da tufafi da fatu, su ɗauko goro. Kasuwar bayi ce kuma. A 1892 rikicin sarauta ya ɓarke tsakanin gidajen sarautar Kpembe, garin ya watse, 'yan kasuwa da malamai suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Accra. Cikin waɗanda suka bar garin har da Alhaji Umaru, mutumin Kano, malami kuma mawallafin waƙoƙi da Larabci da Hausa, wanda ya zauna a Kete-Krachi har rasuwarsa a 1934. A wannan zamani aka kafa littafi na farko. Taurarinsa mata biyu ne: Wurche, 'yar gidan sarauta, da Aminah, 'yar wani ƙauye mai suna Botu da ke kan hanyar ayari, wadda mahaifinta ya bi fatake bai dawo ba, daga baya mahara suka ƙone ƙauyen suka kora su cikin bauta. Marubuciyar ta sha faɗa cewa labarin wata kakar-kakarta da aka sayar a kasuwar Salaga ne ya tayar mata da wannan rubutu.

Aminah na da ƙanne tagwaye, Hassana da Husseina. A littafi na farko ƙananan taurari ne. An raba Husseina da 'yan'uwanta tun a hanya, ita kuwa Hassana ta gudu daga gonar Wofa Sarpong, mutumin da ya saye su. Daga nan labarin ya bi Aminah, ya bar tagwayen a duhu. Wannan shi ne zaren da littafi na biyu ya ɗauko.

3.0 Zubi da Tsari

Labarin ya fara a 1892, tagwayen suna 'yan kimanin shekara goma. An tsara shi babi-babi ana karɓa-karɓa tsakaninsu. Hassana ta bi ta hannun wani Bature mai suna Richard Burtt, ta koyi karatun boko, ta zauna da 'yan mishan, a ƙarshe ta isa Accra, inda ta ƙulla ƙawance da wata yarinya 'yar ƙabilar Ga mai suna Amerley. Husseina kuwa an kai ta Legas, inda wata dattijuwa, Yaya Silvina, ta ɗauke ta, aka sauya mata suna zuwa Vitória, aka haye teku da ita zuwa birnin Salvador na jihar Bahia a ƙasar Barazil. A can ta shiga addinin Candomblé, wanda bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma suka raya. Abin da ya haɗa su duk tsawon shekarun rabuwa shi ne mafarki: kowace takan ga abin da 'yar'uwarta ke gani, kuma ruwa ne ke yawan zuwa a mafarkin.

Akwai wata dabarar salo da ya kamata ɗalibi ya tsaya a kanta. Hassana da bakinta take ba da labarinta, da lamirin mutum na ɗaya, ita kuwa Husseina ba da labarinta ake yi, da lamirin mutum na uku. Ba a banza aka yi haka ba. Tun suna Botu Hassana ce mai baki, mai shiga gaba, Husseina na biye da ita kamar inuwa. Wadda ta koyi rubutu ita ta mallaki "ni". Wadda aka sauya wa suna da harshe da addini kuwa sai dai a ce "ita". Amma a hankali mai karatu zai lura cewa wadda ake kira "ita" ɗin ce ta fi samun natsuwa da sanin kanta, mai cewa "ni" kuwa rabin ranta na wajen neman wata. Nahawun ya ce abu ɗaya, labarin ya ce kishiyarsa, kuma wannan saɓani na daga cikin abubuwan da suka fi armashi a littafin.

4.0 Mafarki: Almara ko Al'ada?

Masu sayar da littattafai a Turai da Amurka suna da wani rukuni na labaran al'ajabi masu duhu, inda ake cuɗa sihiri da tsoro da zubar da jini. Wanda ya ji an ce tagwaye na magana ta mafarki daga nahiya zuwa nahiya zai iya jefa wannan littafi cikin rukunin. Yana da duhun kam, domin da hari da bauta ya buɗe. Amma batun al'ajabin ya danganta da wanda ke karatu.

Ga Bahaushe, tagwaye ba kamar sauran 'ya'ya ba ne. Sunansu a yanke yake tun kafin a haife su, Hassan da Husaini ko Hassana da Usaina, wanda ya biyo bayansu kuma Gambo. Al'ada ta ɗauka suna da wata baiwa: ana cewa in an ɓata musu rai sukan turo kunama, ko su hana tukunya tafasa, shi ya sa ba a yi wa ɗaya kyauta a bar ɗaya. Yarbawa sun kai abin har ga sassaƙa gunkin ibeji idan ɗaya ya rasu, mutanen Ga na Accra kuma suna da bikin tagwaye da suke yi gab da bikin Homowo. Wato duk ƙasashen da yaran nan suka ratsa, babu inda za a ji labarin mafarkinsu a ce ƙarya ne. Saboda haka mafarkin nan bai yi kama da tsafin da ke cikin Ruwan Bagaja ko aljanun labaran jarumta ba, inda mai karatu ya san an fita daga duniya an shiga wata. A nan ba a fita ko'ina ba. Abin da Bature zai kira almara, tsohuwa a Nima za ta kira shi halin tagwaye.

Haka abin yake ga Candomblé. Ɗalibin da ya san bori ba zai yi baƙunta ba a wurin da ake kiɗa, abin bauta ya hau mutum, a san shi da launin tufafinsa da irin rawarsa. Yemanjá, uwar teku, wadda ta shiga rayuwar Husseina, asalinta Yemoja ce ta ƙasar Yarbawa, kuma har yau mutanen Salvador na yi mata biki ranar 2 ga Fabrairu. Marubuciyar ba ta kawo waɗannan abubuwa don ban tsoro ba. Tsoron da ke cikin littafin daga mutane yake fitowa, masu hari da masu saye da masu sayarwa. Iskokin ruwa su ne ma masu sauƙin hali.

Duk da haka a nan ne raunin littafin na farko yake. Mafarkin ya yi wa marubuciyar aiki da yawa. Duk inda labari ya kai maƙura, aka rasa yadda yarinya a Accra za ta san 'yar'uwarta na raye a bayan teku, sai mafarki ya zo ya buɗe ƙofa. A tarihi, dubban da aka raba a kasuwar Salaga ba su sami wannan gata ba. Rabuwar ta har abada ce, ko labari babu. Littafin da aka yi domin matasa yana da uzurin tausasawa, amma ɗalibin tarke ya kamata ya gane cewa an tausasa ɗin.

5.0 Jigo

Idan aka tambayi mai karatu na farko jigon littafin, zai ce neman 'yar'uwa. Wannan shi ne abin da ke tura labarin gaba, amma ba shi ne abin da labarin ke faɗa ba. Babban jigon shi ne riƙo, da irin haƙƙin da yake ɗora wa wanda aka riƙa.

Hausa na da wadatar kalmomi a wannan fage fiye da Ingilishin da aka rubuta littafin da shi. Akwai ɗan riƙo, akwai agola, akwai uwar ɗaki da 'yar ɗaki, akwai ubangida da bara, akwai ƙawa da aminiya. Kowace kalma na ɗauke da nata haƙƙi da nata iyaka. A littafin Baba of Karo da Mary Smith ta wallafa a 1954, Baba ta yi bayanin yadda mata ke ƙulla ƙawance da musayar kyauta har ya zama kamar zumunta, a zamanin da mahara ke sace mutane a ƙasar Zazzau. Da wannan ma'auni, Yaya Silvina uwar riƙo ce kuma uwar ɗaki ga Husseina, Amerley kuwa ƙawa ce ga Hassana da cikakkiyar ma'anar kalmar.

Abin da ya sa dangantakar Husseina da Yaya Silvina ta fi kowace nauyi a littafin shi ne ba ta da tsabta ɗari bisa ɗari. Matar nan ta cece ta, ta ciyar da ita, ta ba ta gida da matsayi a cikin jama'a. Ita ce kuma ta ɗauke ta ta ƙara nisanta ta da ƙasarsu, a hannunta sunan Husseina ya koma Vitória. Yarinya 'yar shekara goma ba ta zaɓi komai a nan ba. Masu tallar littattafai na son kiran irin wannan "dangin da mutum ya zaɓa", amma a gaskiya zaɓin daga baya yake zuwa, bayan an riga an saba, lokacin da yarinyar ta girma ta duba wadda ta riƙe ta ta ce wannan tawa ce. Kafin nan tilas ce. Littafin ya fi ƙarfi a wuraren da ya bar wannan tilas a fili, ya fi rauni a wuraren da ya lulluɓe ta da daɗin zama.

Ɗaliban Hausa suna da abin kwatance a hannu, wato Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga littattafan gasar 1933 zuwa 1934. A can ma an sace yaro, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya haye Sahara da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya ba shi ilimi har ya zama shaihi. Mahaifiyarsa ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa bauta, ta sha wuya, ta gan shi, ba ta daɗe ba ta rasu. Tafawa Ɓalewa bai bar Umar ya tsaya tsakanin uwa da uban riƙo ya yi zaɓi ba. Mutuwa ta raba gardama, ƙaddara ta ɗauki nauyin kome. Attah ta ƙi bin wannan hanya. Ta bar tagwayen suka haɗu da ransu, sannan ta nuna cewa haɗuwar ba ta kashe wutar ba. Wadda Hassana ta shekara da shekaru tana nema ita ce ƙaramar Husseina mai bin bayanta. Wadda ta samu kuwa budurwa ce mai wani suna, mai wani harshe, mai imani da abin da ita Hassana, 'yar boko mai yawan tambaya, ba ta yarda da shi ba. Hausawa na cewa ɗan'uwa rabin jiki, to ga rabin jikin ya dawo bai dace da gurbinsa ba.

A nan ne littafin ya tuhumi wanda ya gabace shi. A littafi na farko rabuwa asara ce tsantsa, duk wanda aka raba da gida an rage shi. Na biyu bai musa asarar ba, amma ya ƙara wata magana mai ɗaci: da ba a raba su ba, da Husseina ta ƙare rayuwarta a inuwar Hassana. Ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne marubuci ya faɗi haka a labarin bauta, domin taku ɗaya ne tsakaninsa da wanke masu harin. Marubuciyar ba ta yi wannan takun ba. Abin da Husseina ta zama aikin waɗanda suka riƙe ta ne da nata ƙoƙari, ba alherin waɗanda suka ƙone Botu ba.

6.0 Karanta Littafin daga Zango

Tafiyar Husseina zuwa Barazil da dawowarta ba ƙirƙira ce marar tushe ba. Bahia ta ga tawayen bayi Hausawa tun 1807, ta kuma ga babban tawayen Musulmi na 1835. Bayansa 'yantattun bayi da yawa suka komo Afirka ta Yamma: a Legas ana kiran su Aguda, a Accra kuma Tabom, inda wani rukuninsu ya sauka a 1836, gidansu da ake kira Brazil House na nan a tsohon garin. Barazil ba ta soke bauta ba sai 1888, shekara huɗu kacal kafin farkon wannan labari. Jiragen ruwa na kai da kawo tsakanin Legas da Salvador da goro da tufafi da mutane.

Amma ɓangaren Hassana ne ya fi kusa da mai karatu na Accra. Yarinyar da ta sauko daga arewa ba uwa ba uba, ta shiga birnin da ba ta jin harshensa, ta rayu a hannun waɗanda ba su haɗa jini ba, ita ce tarihin zango a taƙaice. Zango asalinsa masaukin ayari ne. Wanda ya riga sauka ya zama maigida, ya ba baƙo ɗaki, ya tsaya masa a ciniki, in ta kama ya yi masa aure ya tsaya a matsayin uba. Haka Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, haka Nima ta taso a farkon shekarun 1930 a hannun Malam Amadu Futa, Maamobi na maƙwabtaka da ita. Enid Schildkrout, a nazarinta na zangon Kumasi na 1978, ta nuna yadda baƙi ke mayar da maƙwabci da ɗan garinsu kawu da yaya idan na jini sun yi nisa. A waɗannan unguwanni Hausa ta zama harshen Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Fulani da Kotokoli, har kalmar Bahaushe ta kan nufi ɗan zango Musulmi ko da kakansa bai taɓa ganin Kano ba. Tambayar "kai wane ne?" a Nima ba ta da amsa ɗaya, kamar yadda ba ta da ita ga Vitória.

Hanyar da Hassana ta biyo ba ta mutu ba. A 1994, shekara ɗari da biyu bayan watsewar Salaga, yaƙi ya ɓarke a arewacin Gana tsakanin Konkomba da Nanumba da Dagomba da Gwanja, wanda ake yi wa laƙabi da yaƙin zabo. Mutane da yawa suka gudo kudu suka sauka a Old Fadama, daura da kasuwar Agbogbloshie a bakin kogin Odaw. Zuwa yau 'yan mata daga arewa na saukowa Accra su yi dako a ka a kasuwanni. Ana kiran su kayayei, kalmar da aka haɗa daga "kaya" ta Hausa da kalmar Ga mai nufin mata. Sukan kwana da yawa a ɗaki ɗaya, 'yan gari ɗaya wuri ɗaya, su yi adashe, babbar cikinsu ta zama uwa. A 2021 hukuma ta rushe filin 'yan gwangwan na Agbogbloshie ta kuma tayar da kasuwar albasa zuwa Adjen Kotoku, wasu irin waɗannan gidaje na riƙo suka sake watsewa. Ba a kama yaran nan da igiya ba, kuma kuskure ne a kira halinsu bauta. Amma wadda ta shekara biyar a hannun uwar ɗaki a Accra, ta koma ƙauye aka ce ta sauya, ta san abin da ya faru tsakanin tagwayen nan ba sai an fassara mata ba.

Ta wannan fuska ne rauni na biyu ke bayyana. Littafin ya ratsa ƙasashe uku da shekaru masu yawa a cikin shafuka kaɗan, don haka wurare da dama an leƙa su ne kawai aka wuce. Salvador ta sami launi da ƙamshi da kiɗa. Accra ta baƙin arewa, da masu masaukinta da malamanta da 'yan goronta, ba ta sami rabin wannan kulawa ba, alhali a shekarun ne mutanen Salaga ke kwararowa cikinta.

7.0 Matsalar Fassara

Wanda zai mayar da littafin nan Hausa zai ci karo da abin da Ingilishi ya ɓoye. Kalmar Ingilishi ta 'yar'uwa ba ta bambance babba da ƙarama, Hausa kuwa sai ta zaɓa: ya ko ƙanwa. Da zarar mai fassara ya sa Husseina ta kira Hassana "Yaya", ya mayar da ita ƙarƙashin inuwar da labarin ya fitar da ita. Ga shi kuma matar da ta riƙe ta ana kiran ta Yaya Silvina. A Bahia kalmar girmamawa ce ga mace, ba ta da alaƙa da tamu, amma kunnen Bahaushe ba zai ji haka ba. Zai ji yarinya ɗaya da yaya biyu, ta jini da ta riƙo. Mai fassara na iya sa ɗan bayani ya raba su, yana kuma iya barin su su yi karo. Sannan sai ya yanke abin da Hassana za ta kira 'yar'uwarta ranar da suka haɗu, Usaina ko Vitória, da kuma wanda ita mai sunan za ta amsa.